Azumi Ya Riske Ni a Haidarabad

Duk wanda na gaya wa zan je Indiya, abin da yake fara cewa shi ne in turo masa hoton Taj Mahal. Ban je can ba. Tsakanin Agra, inda Taj Mahal yake, da Haidarabad, inda na sauka, akwai tafiyar sama da kilomita 1,000. Ɗan yayata da na je dubawa, wanda ke karatun haɗa magunguna a garin, shi ya kashe maganar tun muna filin jirgi. Ya ce, "Kawu, bari ka gama da garin nan tukuna. In ka gama da sauran ƙarfi a ƙafarka, ni zan saya maka tikitin jirgin ƙasa."

Haidarabad biyu ce, akwai ta Pakistan akwai ta Indiya. Wannan ta Indiya ce, a kan tudun Dakkan, kuma ita ce hedikwatar jihar Telangana, wadda aka cire daga Andhra Pradesh a 2014. Tun daga hanyar filin jirgi mutum zai fara ganin manya-manyan duwatsu, wani a ɗore kan wani, har ka ce iska za ta ture su. Yawancin mutanen jihar Telugu suke ji, amma a tsohon gari Urdu ne ke ci, wani irin Urdu nasu na Dakkan da mutanen Delhi ma kan yi wa dariya. Ɗan guntun Indiyancin da na tsinta a finafinai bai kai ni ko'ina ba, sai dai ya sa masu shaguna murmushi.

A ƙarshen Sha'aban na isa, don haka yaron ya ce mu yi maza mu gama yawon rana kafin a ga wata. Da asuba muka tari adaidaita sahu. Irin namu ne sak, har launin ɗorawar, kuma ba abin mamaki ba ne tunda daga ƙasar ake kai mana su. Akwai mita a jikin keken amma direban ya ce ba ta aiki, yaron ya ce duk haka suke faɗa, aka yi ciniki muka shiga.

Mun fara da shayi a wani shago da ke kallon Carminar. Shayin Iraniyawa ake ce masa, domin mutanen Iran da suka yi ƙaura zuwa garin ne suka zo da shi. Madara daban ake dafa ta a wata ƙatuwar tukunya, tana ta tafasa har ta yi kauri ta fara komawa ruwan ƙasa. Ruwan ganyen shayin kuma yana wata tukunyar a rufe. In ka ce a ba ka, sai mai zubawa ya ɗebi madara ya zuba a ɗan ƙaramin farin kofi, ya bi ta da baƙin shayi, duk cikin ƙiftawar ido, rabi ya zube a faranti. Wani dattijo da ke kusa da ni ya juye nasa a farantin yana kurɓa daga nan, na ga kusan kowa haka yake yi don ya huce da wuri. Ana haɗa shi da wani biskit mai gishiri-gishiri da zaƙi-zaƙi wanda ake kira Usmaniya, sunan sarkinsu na ƙarshe. A garin nan sunan mutumin yana kan biskit, yana kan jami'a, yana kan asibiti, yana kan madatsar ruwa.

Carminar gini ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita 20, da ƙatuwar ƙofa mai baka a kowace fuska, da hasumiya a kowace kusurwa mai tsayin wajen mita 50. Sultan Muhammad Kuli Kutub Shah ne ya gina shi a 1591, shekarar da aka shiga 1000 ta Hijira. Babban birninsu a lokacin Golkonda ne, ya cika ya batse, ruwa ya yi ƙaranci, sai sarkin ya tsallaka kogin Musi ya zana sabon gari, ya dasa wannan gini a tsakiya, tituna huɗu suka fita daga gindinsa. Masu yi wa baƙi jagora suna cewa alwashi ne ya cika bayan wata annoba ta lafa, suna kuma ba da labarin wata mai rawa Bhagmati da wai sarkin ya so. Masana tarihi suna ja da labarin Bhagmati, amma jagora ba ya barinsa, don shi ke sa baƙo ya ƙara kuɗi. Abin da ba a ja da shi shi ne sarkin mawaƙi ne, kuma ana lissafa shi cikin na farko da suka tara diwani da Urdu.

Mun hau ta wata matattakala mai murɗewa, ƙunci ƙwarai, mai saukowa sai ya manne da bango mai hawa ya wuce. Kuɗin shiga na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa fiye da sau goma, haka yake a kusan duk wuraren tarihinsu. Daga sama kana ganin kasuwa ta ko'ina, da tantabaru, da rufin kwano, da wayoyin lantarki a cukurkuɗe. Can saman akwai masallaci amma an rufe hawa wurin. A ƙasa kuwa, jingine da ɗaya daga cikin hasumiyoyin, akwai ɗan wurin bautar Hindu, da 'yan sanda zaune kusa da shi dare da rana. An sha rigima a kansa. Ranar da na je dai ƙararrawarsu na kaɗawa, mai sayar da rumman na ta kiran ciniki, babu wanda ya kalli wani.

Taku kaɗan daga nan sai Masallacin Makka. An aza harsashinsa wajen 1617 a zamanin Sultan Muhammad Kutub Shah, magajin wanda ya gina Carminar, ba a gama ba sai bayan sama da shekara 70, kuma wanda ya ƙarasa shi shi ne Aurangzeb, sarkin daular Mughal ta arewacin Indiya, wato mutumin da ya rushe sarautar waɗanda suka fara ginin. Ana cewa an yi wasu tubalan bakan tsakiya da ƙasar da aka ɗebo daga Makka, shi ya sa sunan. Da dutse aka gina shi, sassaƙaƙƙe, manya-manya, kuma yana ɗaukar mutum 10,000. Sai an caje ka kafin ka shiga, tun bayan bam ɗin da ya tashi a harabarsa ana sallar Juma'a a watan Mayun 2007. Na yi Juma'a a nan. Liman ya daɗe yana wa'azi da Urdu, sannan aka yi huɗuba gajeriya da Larabci. Hanafawa ne, ba a ɗaga murya da amin, kuma la'asar ɗinsu sai rana ta yi sanyi sosai, abin da ya riƙa rikita mini lissafin lokaci. A gefen harabar akwai rumfa mai jerin kaburburan sarakunan gidan Nizam, waɗanda suka mulki garin daga baya. Na baya-bayan nan shi ne na Mukarram Jah, jikan sarki na ƙarshe, wanda ya rasu a Istanbul a farkon 2023 aka kawo shi nan.

Su kuwa Kutub Shahi 'yan Shi'a ne, asalinsu daga Hamadan ta Iran. Sun bar wa garin al'adar Muharram mai ƙarfi. Har gobe ranar Ashura ana fito da wata tuta a kan giwa a zaga tsohon gari, Sunni da Hindu ma suna fitowa kallo.

Saƙon da aka fi damuna da shi daga gida awarwaro ne, don haka muka shiga kasuwar Lad, wadda ta miƙe yamma da Carminar. Shaguna ne ƙanana, bango duk madubi, fitilu na haska awarwaro har ido ya gaji. Na gargajiyar da wani irin ƙaro ake yin su, wanda ƙwari ke tarawa a jikin bishiya. A wani lungu na tsaya kan wani mai yi. Ya ɗora ƙaron a kan sanda yana juya shi bisa garwashi har ya yi laushi, ya murza shi a kan faranti ya zama igiya, ya naɗa a zoben ƙarfe, sannan ya miƙa wa na kusa da shi, wanda ke ɗaukar 'yan ƙananan duwatsun gilashi da hantsaki yana dasawa ɗaya bayan ɗaya tun ƙaron bai huce ba. Yaron ya raɗa mini, "Kawu, kada ka nuna ka so, bari ni in yi magana." Kuɗin da aka fara faɗa da wanda muka biya, ko rabi bai kai ba. Ana kuma yi wa garin kirari da birnin lu'ulu'u, alhali babu teku kusa da shi. Sarakuna ne masu saye suka jawo fatake daga Tekun Fasha, sana'ar huda shi da shirya shi ta zauna. Na roba ya fi na gaske yawa a bakin titi, ban saya ba.

Golkonda ce ta karya mini ƙafa. Tana yamma da gari, dutse ne guda aka kewaye da ganuwa hawa-hawa, ta wajen ta kai kusan kilomita 10. Ƙyauren ƙofofin an dasa musu tsinin ƙarfe don kada giwayen abokan gaba su tunkuɗe su da goshi, kuma hanyar shiga a karkace take yadda runduna ba za ta taho da gudu ba. Da ka shiga za ka tarar da mutane tsaye ƙarƙashin wata ƙubba suna ta tafi kamar an yi musu albishir. Akwai wani gurbi da in ka tsaya ka tafa, ana jin ƙarar a can ƙololuwar dutsen, inda sarki yake zama, tafiyar da ta kusa kilomita. Ka matsa taku biyu, shi ke nan, ba ta zuwa. Da haka masu gadi suke sanar da na sama cewa ga baƙo ko ga hari. Ban yarda ba sai da na hau can na kasa kunne, na ji tafin yana isowa ƙas-ƙas.

Hawan ba wasa ba ne. A hanya za ka ga ragowar bututun yumɓu a jikin bango, waɗanda ake tura ruwa da su daga tafki zuwa tafki har sama. Za ka wuce ɗakin da aka tsare wani mai karɓar haraji Bahinde, Ramdas, saboda ya ɗebi kuɗin baitulmali ya gina wurin bauta a Bhadracalam. Yanzu ɗakin kansa ya zama wurin ziyarar Hindu. Sarkin da ya ɗaure shi, Abul Hasan, manyan waziransa biyu, Madanna da Akkanna, su ma Hindu ne, kuma wannan na cikin laifuffukan da Aurangzeb ya lissafa masa. A 1687 Aurangzeb ya yi wa Golkonda zobe wata takwas, ga yunwa ga annoba a sansaninsa, ganuwa ta ƙi faɗuwa. Daga ƙarshe wani hafsa na ciki aka saya ya buɗe ƙofa da dare. Aka kai Abul Hasan Daulatabad, can ya mutu a tsare.

Abin da ya jawo wa Golkonda ido daiman ne. Kafin a gano na Barazil a ƙarni na 18, Indiya ce kusan kaɗai ke ba duniya daiman, ana haƙo shi a wurare irin Kollur a bakin kogin Krishna, a kawo nan a sayar. Bafaranshen nan Tavernier ya yi ta zuwa saye a ƙarni na 17. Shahararren daiman nan Koh-i-Nur da ke cikin kayan sarautar Ingila ana danganta shi da waɗannan ramuka. Yau ko ƙwaya ɗaya babu a Golkonda, sai jemagu a ɗakunan ajiya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya cikin takardar jagora. A wani ɓangare da ake kira Naya Kila, bayan filin wasan golf, yaron ya ce zai nuna mini wani ɗan garinmu. Muna shan kwana sai ga kuka. Kuka dai tamu, mai ƙaton ciki da rassa kamar saiwa, kaurinta ya haura mita 20, an kewaye ta da shingen ƙarfe. Mutanen wurin suna kiranta bishiyar giwa, suna cewa ta haura shekara 400, fataken Larabawa ne suka kawo ta daga Afirka. Cikinta rami ne, har ana ba da labarin ɓarayin da suka riƙa ɓuya a ciki. Na tambayi mai gadin ko suna cin ganyen. Ya dube ni ya dubi yaron, ya tambaye shi ko lafiyata ƙalau. Na sa aka fassara masa yadda ake shanya shi a daka a kaɗa miya da daddawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira abokin aikinsa a maimaita masa. Shekara 400 kuka na tsaye a garin da ba a san tuwo ba.

Kusa da nan kaburburan sarakunan Kutub Shahi suke, ƙubbobi manya cikin lambu, an yi musu gyara mai kyau a 'yan shekarun nan da hannun gidauniyar Aga Khan. Wuri ne na hutawa bayan wahalar dutse, ba cunkoso.

Bayan Mughal sun yi rauni, gwamnansu na Dakkan, Asaf Jah, ya ci gashin kansa a 1724. Shi da zuriyarsa su ne Nizam, su suka yi sarauta har 1948. Fadarsu ta Caumahalla tana bayan Masallacin Makka. Zauren da ake naɗin sarauta yana nan da dakalin farin marmara da fitilun gilashi 19 na Beljiyam suna reto, a baya kuma an ajiye motoci, har da wata Rolls-Royce ruwan ɗorawa ta 1912 wadda ba ta yi wata tafiyar kirki ba. Nizam na ƙarshe, Mir Usman Ali Khan, ya hau a 1911. A 1937 mujallar Time ta sa hotonsa a bango a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a duniya. Yana da daiman mai suna Jacob, kusan karat 185, da shi yake danne takardu a kan tebur. Duk da haka labarin rowarsa ya fi na dukiyarsa yawo a bakin mutane: hula ɗaya shekara da shekaru, tufafi masu faci, sigari mai araha. Mutumin da ke ƙyashin saya wa kansa hula shi ne ya gina jami'a da asibiti da kotu da madatsun ruwa. Ni dai na fi son irin wannan rowar a kan kyautar da muka saba gani.

Madatsun suna da dalili. A watan Satumban 1908 kogin Musi ya yi ambaliya ya ci mutum wajen 15,000. Akwai wata tsamiya a harabar babban asibitin Usmaniya da mutum kusan 150 suka ɗare suka tsira, tana nan har yau ana tunawa da ita duk shekara. Bayan haka aka tare kogin da wani reshensa da madatsu biyu a sama da gari. Yanzu Musi ba ya cin kowa, amma wanda ya bi ta kan gadarsa sai ya toshe hanci.

Ina zagaya fadar nan ina tuna gida. Nizam yana da kuɗinsa, da kan sarkinsa na wasiƙa, da jirgin ƙasansa, da sojansa, amma a gefe guda na gari akwai Razdan na Ingila a cikin ƙaton gida, kuma ba a yin wani babban abu sai da saninsa. Tsarin mulki ta hannun sarakuna da Gwamna Lugga ya shimfiɗa mana bayan 1903 ba a kanmu aka fara shi ba. Shi kansa Lugga a Madras aka haife shi a 1858, kuma ya yi aikin soja a Indiya kafin ya zo Afirka.

Ƙarshen sarautar bai yi daɗi ba. Da Turawa suka tashi a 1947, Nizam ya ƙi shiga Indiya ya ƙi shiga Pakistan, yana son ƙasarsa ta tsaya da kanta, alhali sama da kashi 80 cikin 100 na talakawansa Hindu ne, kuma Indiya ta kewaye shi ta ko'ina. Wasu 'yan sa-kai da ake kira Razakar, ƙarƙashin Kasim Razwi, suka shiga gallaza wa mutane a ƙauyuka da sunan kare sarautar Musulmi. Ranar 13 ga Satumba 1948 sojan Indiya suka shigo, ranar 17 aka miƙa wuya. Abin da ya biyo baya a karkara ramuwar gayya ce. Kwamitin Sundarlal da Nehru, firaministan Indiya, ya tura ya ƙiyasta an kashe tsakanin mutum 27,000 zuwa 40,000, akasarinsu Musulmi, kuma rahoton ya yi shekaru a kulle kafin jama'a su gan shi. Babu allon da ke faɗin wannan a fada. Wani dattijo mai sayar da littattafai ne ya tayar mini da maganar, ya yi ta a taƙaice, ya koma kan cinikinsa.

Gidan tarihi na Salar Jang kuwa tarkacen mutum ɗaya ne, wani waziri da bai yi aure ba ya ƙare rayuwarsa yana sayen kaya daga ko'ina a duniya, ya rasu a 1949. Akwai takubba, da darduma, da Alƙur'anai rubutun hannu masu ruwan zinariya. Amma inda jama'a suka yi dafifi shi ne gaban wani agogo, an jera musu kujeru, suna jiran ƙarfe 12 wani ɗan mutum-mutumi ya fito ya buga ƙararrawa ya koma. Ya fito, ya buga, aka yi tafi, aka watse. Ɗakin Alƙur'anan kuwa daga ni sai mai gadi.

Akwai wurin da ni na nema da kaina, yaron ma bai san da shi ba duk da yana wucewa ta gabansa. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, in ya buɗe tsofaffin bugun manyan littattafai, zai ga an rubuta da Larabci a shafin farko cewa an buga a Haidarabad ad-Dakkan. Maɗaba'ar ita ce Da'iratul Ma'arif al-Usmaniyya, an kafa ta a 1888, yanzu tana cikin harabar Jami'ar Usmaniya. Aikinta shi ne nemo littattafan Larabci da suka rage a rubutun hannu, a gwada kwafi da kwafi, a gyara, a buga. Sunanul Kubra ta Baihaƙi, da Mustadrak na Hakim, da Tarikhul Kabir na Bukhari, a nan aka fara fitar da su a ɗab'i, daga baya maɗaba'un Beirut suka riƙa ɗaukar hotonsu suna sayar mana. Shaihi Abdurrahman al-Mu'allimi, mutumin Yaman, ya yi sama da shekara 20 yana aikin gyara a nan kafin ya koma Makka ya riƙe ɗakin karatu na Harami.

Ginin ba shi da wani kwarjini. Ƙurar takarda, kabad-kabad na ƙarfe, fanka na juyawa a hankali. Wani ma'aikaci ya ji na yi sallama da Larabci, ya tashi ya kawo mini kujera, ya ciro wani juzu'i ya buɗe mini. Takardar ta yi ja, haruffan irin na dalma ne da ake jerawa da hannu, in ka shafa kana jin tudunsu a yatsa. A ƙasan kowane shafi ga bayanin mai gyara: a kwafi kaza an rubuta kaza, a wancan kaza, daidai shi ne kaza. Ya tambaye ni daga ina, na ce Nijeriya, ya ce da Maliki muke ko, na ce ƙwarai. Babu ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya a wurin, kuma ban ga alamar ana sa ran zuwansu ba.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi su ma suna da rabonsu a garin nan. Muhammad Hamidullah, wanda fassararsa ta Alƙur'ani zuwa Faransanci ta fito a 1959, ɗan Haidarabad ne, a Jami'ar Usmaniya ya yi karatu ya kuma koyar. Yana cikin tawagar da Nizam ya tura Majalisar Ɗinkin Duniya a 1948. Kafin su gama kai ƙara ƙasar da ta aiko su ta daina wanzuwa, shi kuma ya zauna a Faris bai karɓi takardar zama ɗan wata ƙasa ba.

A gida aka riga mu ganin wata, mu sai washegari muka ɗauka. Da asuba jiniya ce ta tashe ni, na zabura na zaci gobara ce, ashe haka masallatai ke sanar da ƙarewar sahur da kuma shan ruwa. Daga ranar garin ya juye. Da rana tsohon gari yana barci, bayan tarawihi kuwa ko allura ka jefa a Carminar ba za ta taɓa ƙasa ba, har kusan sahur.

Abincin azuminsu halim ne. Tun kafin wata ya kama ake gina murhun bulo da laka a ƙofar gidajen abinci, a dasa ƙatuwar tukunya a ciki. Alkama ce da nama da wake-wake da man shanu da kayan ƙamshi, a bar su kan itace tun safe, sannan ƙarti biyu su kama muciya mai tsayin mutum su yi ta kirɓa har nama ya narke ya zama zare-zare, ba ka bambance shi da alkamar. A zuba a kwano, a watsa soyayyar albasa da lemon tsami da romo mai maiƙo a kai. Asalinsa harisar Larabawan Hadramaut ce, Indiya ta ƙara mata yaji. A 2010 gwamnati ta yi masa rajistar suna, yadda ba kowane fate ne za a kira halim ɗin Haidarabad ba. Hindu ma layi suke bi. Kwano ɗaya ya ishe ka har sahur, na biyu kuwa tarawihi a zaune.

Biryaninsu ya sha bamban da wanda ake yi mana a gidajen biki. Ɗanyen nama ake jiƙawa da kindirmo da kayan yaji, a shimfiɗa a gindin tukunya, a rufe shi da shinkafar da ba ta gama dahuwa ba, a liƙe bakin murfin da ƙullun fulawa, a ɗora garwashi a sama, su nuna tare da tururinsu. Gwanintar ita ce nama ya nuna shinkafa ba ta caɓe ba. Wanda cikinsa ba ya son yaji ya nemi kindirmon da ake kawowa a gefe, kada ya yi jarumta. Nama kuwa a unguwannin Musulmi ba abin damuwa ba ne, na halal ne.

Akwai wata Haidarabad ɗin a yamma, ta gine-ginen gilashi, inda Microsoft da Google da Amazon suke da manyan ofisoshi. Mun ratsa ta a jirgin ƙasa na sama. Tana da tsabta, tana da kuɗi, kuma da za a ɗauke ta a ajiye a Dubai babu wanda zai lura. Tsohon gari, inda duk abin da na zo gani yake, shi ne ya fi talauci da cunkoso da lalatattun magudanu.

Larabawan da suka kawo harisa sojan haya ne na Nizam, unguwarsu Barkas tana kudu da gari. Jikokinsu na nan da zanen ɗaurawa da gahawa da shinkafar mandi. Gidan sarautar Ku'aiti da ya mulki Mukalla a Yaman ma daga wani hafsan sojan Nizam ya fito. Amma Nizam yana da wasu dakarun, na doki, baƙaƙen fata, waɗanda kakanninsu suka fito daga gabashin Afirka. Siddi ake ce musu, unguwarsu kuma har yau tana ɗauke da sunan rundunar, A.C. Guards, wato dakarun doki 'yan Afirka. Na matsa sai mun je, domin na gaji da kallon da ake bi na da shi a titi. Ba duka na ƙiyayya ba ne, wasu hoto kawai suke so, amma yaron ya gaya mini yadda shi da abokansa suka sha yawo kafin su sami mai ba su hayar ɗaki, da an ga fatarsu sai a ce an riga an kama.

Mun isa ana shirin shan ruwa. A ƙofar wani masallaci aka shimfiɗa leda, aka jera dabino da kankana da soyayyen wake. Wani dattijo mai irin gashina da irin hancina ya matsa mini wuri, ya yi mini magana da Urdu yana zaton ɗan unguwa ne. Da yaron ya ce masa daga Afirka na zo, sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce kakansa sojan doki ne, bayan 1948 aka sallame su, aka bar su da gidajen bariki. Yanzu samarinsu wasu direbobi ne, wasu 'yan wasan hoki da ƙwallo, wasu kuma kiɗan marfa suke yi, wasu 'yan ganguna masu kamar akushi da ake bugawa da sanduna a gaban ango. Ya tambaye ni ko mu ma muna kiɗa a biki. Na ce har da na mahauta daban, na manoma daban, na sarakuna daban. Na kwatanta masa kalangu, yadda ake matse shi a hammata yana magana. Ya ce wannan sai ya gani da idonsa, na nemo masa a waya, aka taru a kaina har jiniya ta tashi ba mu ji ba, sai da wani yaro ya tura mini dabino a hannu.

Bayan magariba ya ce akwai auren jikarsa bayan Sallah, lallai in zo in ji marfa da kunnena. Na ce tikitina ba zai kai Sallah ba. Ya juya wurin yaron ya ce to shi ba shi da uzuri, ya karɓi lambarsa, ya kira a take don ya tabbatar ba ta bogi aka ba shi ba.